Makero a jikin kyanwa: mako tara tsakanin asibitin dabbobi da bahon wanka

Mako biyu da kawo 'yar kyanwar gida, sai ga wani ɗan fili ya bayyana a saman idonta na hagu. Faɗinsa bai wuce kan ɗan yatsa ba, gashin wurin ya kakkarye kamar an bi shi da dakusasshiyar reza, fatar ta yi toka-toka tana ɓarewa kamar dusa. Bayan kwana uku wani ya fito a bakin kunne. Ba ta yawan susa, ci bai ragu ba, wasa bai ragu ba, shi ya sa aka ɗauka ko muzurun gidan ne ya kai mata yakushi. A nan na yi kuskure biyu a jere, kuma su ne kusan kowa ke yi. Na aika kemis aka sayo man shafawar nan mai haɗi uku, wanda ake sayarwa don kowane irin ƙaiƙayi. Kwana huɗu ana shafawa jan wurin ya kwanta, amma filin ya ninka faɗi. Dalili kuwa, irin wannan man yana ɗauke da sinadarin kwantar da kumburi, bitametazon ko kulobitazol, wanda ke danne garkuwar fata. Kumburi ya ɓuya, cuta ta samu sarari. Na biyu, wani mai yawon yi wa tumaki allura a unguwa ya duba ya ce ƙazuwa ce, ya yi mata allurar aibamektin. Aibamektin maganin ƙazuwa ne da tsutsar ciki. Makero ba ƙwaro ba ne, ba kuma tsutsa ba, ko da yake sunansa na Turanci ya ambaci tsutsa. Dangin funfuna ne da ke cin gashi da matacciyar fata da farce. Allurar ba ta taɓa shi ba, kwana goma dai suka tafi a banza.

Ranar Litinin na sa ta a kwali mai huji, muzurun a kwando mai murfi, muka hau adaidaita sahu zuwa asibitin dabbobi. Ku tafi da duk dabbar da ke gidan, ba mai tabon kaɗai ba, za ku ga dalili nan gaba. A taga ta farko an yanke wa kowannensu kati a kan naira 1,500, aka rubuta jinsi da shekaru da launi da rigakafin da aka taɓa yi. Na biya 3,000 kuɗin dubawa na kowanne, sannan na zauna a benci tsakanin mai rago da mai kaji a kwando kusan awa ɗaya da rabi. Kada ku buɗe kwalin a wurin jira, kada kuma ku bar yaran wasu su sa hannu. Da aka kira mu, abu na farko awo ne a sikeli: kyanwar kilo 1.8, muzurun kilo 3.5. Ku rubuta wannan adadi, don duk lissafin magani a kansa yake. Likita ya yi tambayoyi da na so a ce na shirya amsarsu tun daga gida: yaushe aka kawo ta, daga ina, me aka shafa, me aka yi mata allurarsa, akwai mai ciki a cikin dabbobin, akwai wanda wani zobe ya fito masa a fata a cikin mutanen gida. Na miƙa masa bututun man da na shafa. Ya juya shi ya karanta bayansa, ya ce, "Hajiya, wannan taki kuka zuba wa cutar." Ya ƙara da cewa daga haɗuwa da cutar zuwa fitowar tabo mako ɗaya zuwa uku ne, don haka wataƙila da cutar kyanwar ta zo.

Gwaji uku aka yi, kowanne da amfaninsa. Na farko na fitila ne, wadda ake kira fitilar Wood, mai fitar da haske shuɗi-shuɗi. Sai da muka jira aka tada janareta, aka rufe labule, muka tsaya cikin duhu 'yan mintuna ido ya saba. Likita ya kusanto da fitilar dab da fata yana bin jiki a hankali daga kai zuwa wutsiya, ba tabon kaɗai ba. A gefen filin idon sai ga silin gashi suna walƙiya da wani kore mai haske kamar ɗanyen lemo. Abin lura shi ne gashin kansa ne ke haskawa, daga tushe. Ɓawon fata da zaren tufa da ragowar man shafawa su ma suna haskawa, amma fari ko shuɗi, kuma da an goge da jiƙaƙƙen tsumma sai su tafi, na gashi kuwa ba ya goguwa. Nau'in da ya fi kama kyanwa, Microsporum canis, shi ne mai wannan haske. Wanda ake ɗauka daga ɓera da wanda ake ɗauka daga ƙasa yawanci ba sa haskawa, saboda haka rashin haske bai wanke dabba ba. Da aka zo kan muzurun, wanda da ido lafiyarsa ƙalau, sai ga gashi huɗu ko biyar suna haske a cikin kunnensa da gefen baki, inda yake lasar ƙaramar. Da na bar shi a gida, da shi zai riƙa mayar mata da cutar muna ta zagaye wuri ɗaya.

Gwaji na biyu, an tsige gashin da ya haska da ɗan hantsaki, aka ɗiga masa ruwan sinadari a kan gilashi aka duba a madubin likita. An ba ni na leƙa: lafiyayyen gashi santala yake kamar zare, mai cutar kuwa ya kumbura ya yi gautsi, an lulluɓe shi da ƙananan ƙwayoyi kamar an barbaɗa gero. Su ne irin cutar, su ke zubewa tare da gashi su bi gida. An kuma kankari fatar kaɗan don a tabbatar ba ƙazuwa, ba a ga ƙwaro ko ɗaya ba. Na uku shi ne gwajin shuka, wanda mutanen lab ke cewa kalca. An ɓare sabon buroshin haƙori daga ledarsa, aka taje jikin kowace dabba da nata na minti biyu zuwa uku, aka fara da lafiyayyen wuri aka ƙare da tabo don kada a yaɗa, sannan aka danna bakin buroshin a kan wani faranti mai abu kamar daskararren kamu, ruwan ɗorawa. Naira 6,000 kowane faranti. An ce sakamako sai kwana 10 zuwa 14, wani lokaci har 21. Likita bai jira shi ba tunda fitila da madubi sun yi magana ɗaya, ya ɗauki takarda ya fara rubuta magani. A nan ya yi maganar da ta zama ma'aunin duk abin da ya biyo baya. Ya ce maganin makero murhu ne mai duwatsu uku: na sha, na wanka, da tsabtace gida. Na sha yana kashe cutar a cikin ramin gashi, amma ba ya kai wa irin da ke manne a saman gashi. Na wanka shi ke kashe wannan. Shara da wanki kuma su kwashe wanda ya riga ya zube. Aka cire dutse ɗaya, tukunya ta kife.

Maganin sha da ya fi so shi ne itirakonazol na ruwa wanda aka yi don kyanwa: miligiram 5 a kowane kilo sau ɗaya a rana, a ba da mako ɗaya a huta mako ɗaya, har zagaye uku, saboda maganin yana taruwa a gashi da fata ya ci gaba da aiki a makon hutu. Na zaga kantunan magungunan dabbobi uku ban samu ba. Akwai kafso na mutane mai miligiram 100, amma raba shi don kyanwa mai kilo 1.8, wato miligiram 9, aikin ƙirga 'yan ƙwayoyin ciki ne, kuskure ba wuya. Na koma, ya canza zuwa wanda a jikin kwalinsa aka rubuta Terbinafine, ƙwaya mai miligiram 250 da ake samu a manyan kantunan maganin mutane. Awonsa a kyanwa miligiram 30 zuwa 40 ne a kowane kilo, sau ɗaya a rana ba hutu. Muzuru mai kilo 3.5 ya tashi da rabin ƙwaya, ƙaramar ta tashi da kashi ɗaya cikin huɗu. Na tambaye shi girisofulbin, tunda shi ne mai araha kuma shi aka sani tun da. Ya ce yana aiki, amma sau biyu ake ba da shi a rana cikin abinci mai maiƙo, yana lalata 'ya'ya a cikin mai ciki, yana kuma iya taɓa ɓargo, musamman a kyanwar da garkuwarta ta yi rauni. Kitokonazol na sha kuwa ana ba kare, amma kyanwa ba ta jure shi, yana kashe mata ci ya wahalar da hanta. Duk waɗannan ba a ba dabba mai ciki, kuma awo aikin likita ne bayan ya ɗora dabbar a sikeli. Kada wani ya ɗauki lissafin kyanwata ya ba tasa.

Ba da ƙwayar ma sai da dabara. Ɗaci gare ta, in aka daka aka zuba a abinci kyanwa za ta shinshina ta juya baya, in kuma ta tauna sai yawu ya yi ta dalala kamar kumfa, abin ya tsorata mutum alhali ɗaci ne kawai. Abin da ya yi aiki shi ne a yanka da reza tun da safe, a lulluɓe gutsuren da ɗan man shanu, a naɗe kyanwar da tawul kai kaɗai a waje, a ɗaga kan sama, a danna haɓa da yatsa, a jefa can tushen harshe, a rufe baki a shafa maƙogwaro har ta lashi hanci, alamar ta haɗiye ke nan. Sai a bi da ɗan ruwa a sirinji marar allura, sannan a ba ta abinci nan take. Rana ta uku muzurun ya yi amai sau ɗaya saboda an ba shi da cikin wofi. Da aka koma bayarwa bayan ya ci, bai sake ba. Abubuwan da aka ce in tsayar da magani in dawo idan na gani su ne amai a jere, ƙin cin abinci fiye da yini guda, ido ko dasashi ya yi ruwan ɗorawa, ko ta yi ta yakushin fuskarta.

Wanka shi ne aikin da ya fi cin rai. Mafi ƙarfi a maganin wankan shi ne laim salfa, wani ruwan farar wuta da aka sarrafa: a zuba kusan mil 60 cikin lita ɗaya ta ruwan ɗumi, a jiƙe dabbar har fata, ba a ɗauraye ba, a bari ta bushe da shi. Warinsa na ruɓaɓɓen ƙwai ne, yana rina farin gashi ya yi rawaya, yana baƙanta zoben azurfa. Shi ma bai samu ba a kasuwarmu. Wata maƙwabciya ta ce in daka farar wutar 'yan koli in kwaɓa da man kaɗanya, likita ya hana, don ba haɗi ɗaya ba ne, kuma kyanwa duk abin da aka shafa mata sai ta lashe shi. Muka tsaya a kan shamfu mai haɗin mikonazol kashi 2 cikin 100 da kulohezidin kashi 2 cikin 100. Ku karanta jikin kwalbar da kyau, mai kulohezidin kaɗai ba ya wadatarwa. Sau biyu a mako, na tsayar da Talata da Asabar. Kafin wankan farko na datse gashin da ke kewaye da tabo da almakashi marar tsini, na tattara a takarda na ƙone. Ba a sa kilifa ba, domin tana yin ƙananan ƙujewa da ido ba ya gani, ta nan cutar ke shiga sabon wuri. Aske jiki duka sai ga mai dogon gashi, irin kyanwar Farisa da ake sayowa da tsada, wadda makero ya fi yi wa kamun kazar kuku.

Ga yadda wankan yake. A sa safar hannu da tsohuwar riga mai dogon hannu. A yanke wa kyanwar ƙumba tun jiya. Baho biyu na ruwan ɗumi, wanda gwiwar hannu za ta ji daɗinsa. A fara taje jiki don fitar da karyayyen gashi, a jiƙa, a cuɗa shamfun daga wuya zuwa wutsiya har tsakanin yatsu, fuska da kunne kuma a bi su da ɗan soso ana kauce wa ido. Daga nan sai a duba agogo: minti 10 cif kumfar za ta zauna a jiki. Nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa, saboda minti goma da jiƙaƙƙiyar kyanwa a hannu ya fi awa tsawo, sai a ɗauraye a minti biyu a ce an yi wanka, alhali maganin bai fara aiki ba. Naɗe ta da tawul da kumfar a jiki, kana riƙe da ita, ya fi kokawa a cikin baho. A ɗauraye sosai, a tsane, a ajiye ta wuri mai ɗumi marar iska har ta bushe. Ƙaramar kyanwa sanyi na saurin kama ta, don haka da hantsi nake yi, ba da asuba ko bayan magariba ba. A tsakanin ranakun wanka ana iya shafa man kulotirimazol zalla a kan tabon, siriri, amma taimako ne kawai. Shi kaɗai ba ya warkar da dabba mai gashi, domin cutar ta wuce inda ido ke gani.

Akwai abubuwan da ba sa kusantar jikin kyanwa ko ƙasan ɗakin da take kwana. Dettol da Izal da danginsu suna da sinadarin da hantar kyanwa ba ta iya sarrafawa, ta taka ta lashi ƙafa ya zama guba. Baƙin mai da kananzir da ake shafa wa awaki masu ƙazuwa suna ƙona fata, su kuma shiga ciki ta lasa. Maganin kaska na kare mai famitirin yana sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya har mutuwa. Farasitamol ko ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Duk cikinsu ba wanda ke maganin makero ma tukuna.

Dutse na uku shi ne gida. Na ware musu ɗakin ajiya mai tayil, na fitar da kafet da buhuna da duk abin da ba ya wankuwa, na bar kwali da tsofaffin tawul biyu, da kwanon ci da na ruwa da robar yashi. Irin cutar ba ya hayayyafa a bango ko ƙasa kamar funfunar damina, sai a jikin mai rai, amma yana da tsawon rai: a cikin gashin da ya zube yana iya kai wata 18 yana jiran fata. Saboda haka babban aikin kwashe gashi ne, ba feshi ba. Tsintsiya busasshiya tada shi take yi ya bi iska, sai na koma goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma kullum. Sau biyu a mako kuma wanki na sosai, mataki uku a jere: a kwashe gashi, a wanke da omo har ba datti a ɗauraye, sannan a zuba ruwan bilic, Jik ko Hypo, kofi ɗaya cikin kofi goma na ruwa, a bar shi jiƙe minti 10 kafin a goge da ruwa. Bilic a kan datti ba ya aiki, dattin ke cinye ƙarfinsa. A haɗa sabo kowace rana, kada a gauraya shi da wani maganin wanki, kada a zuba shi kan fitsarin kyanwa sai an wanke, don hayaƙin da ke tashi yana shaƙe mutum. A fitar da dabbobin har ƙasa ta bushe. Tawul da zanin gado da duk tufar da suka kwanta a kai, wanki biyu a jere da omo, daban da kayan gida, a shanya a rana. Dadduma ce na kusa mantawa. Kyanwa na son kwanciya a kanta, mu kuma goshi muke ɗorawa. Duk daddumomin gidan sai da aka wanke su sau biyu, aka koma naɗe su ana ratayewa. Kwalin kwana kuwa ana ƙone shi duk mako a sa sabo. Keɓewar ba ta nufin a rufe ƙaramar kyanwa a manta da ita, don a wannan shekarun take sabawa da mutane. Ana shiga a yi wasa da ita da rigar da aka ware, a fito a wanke hannu da sabulu.

Rana ta tara aka kira ni in zo in ga farantan gwajin shuka. A kowanne wani farin abu ya tsiro kamar auduga, shimfiɗe, ƙasansa rawaya, abin da ke cikin farantin kuma ya juye daga ruwan ɗorawa zuwa ja. Ma'aikacin lab ya ce jan kaɗai ba hujja ba ne. Funfunar banza ma, baƙa ko koriya, tana iya mayar da shi ja in ya daɗe. Abin dubawa shi ne farin tsiro da ja su zo lokaci ɗaya, sannan a ɗauki tsiron a duba siffarsa a madubi. An duba, Microsporum canis ne. Farantin ƙaramar ya cika maƙil, na muzurun tsiro bakwai. A makon nan ne kuma zobe ya fito a damtsen ɗana mai shekara shida, ja a gefe, tsakiya fes, yana ƙaiƙayi. Likitan dabbobi bai rubuta masa komai ba, ya ce, "Wannan na likitan mutane ne, Hajiya, ku gaya masa daga kyanwa ne." Faɗin hakan yana da amfani. Na jiki man kulotirimazol aka ba shi, safe da yamma, mako huɗu, aka ce a ci gaba ko tabon ya ɓace. Aka duba kansa da kyau, domin makeron kai ba ya jin man shafawa, sai maganin sha na makonni, kuma ga nau'in kyanwa girisofulbin ya fi aiki a kan yara. Kansa lafiya. An dai hana shi zuwa wurin mai aski da kilifar haya, aka ware masa tawul da mataji.

Ƙarshen mako na huɗu muka koma. Da ido an warke: gashi ya toho a saman ido, ɗan duhu fiye da na kewaye, kunne ya cike. Da son raina ne a ranar zan ajiye safar hannu. Aka sake awo, ƙaramar ta kai kilo 2.3, wato kashi ɗaya cikin huɗun da take sha ya koma ƙasa da awo ba tare da na sani ba. Aka ɗaga shi zuwa kashi ɗaya cikin uku na ƙwayar. Mai ƙaramar dabba ya riƙa awo duk mako biyu saboda wannan. A ƙarƙashin fitila har yanzu akwai 'yan gashi masu haske, amma a can bakin gashin, ba a tushe ba, alamar sabon da ke fitowa lafiyayye ne. Likita ya ce hasken kan daɗe ko bayan cutar ta mutu, shi ya sa fitila ba ta yanke hukuncin warkewa. Aka sake buroshi da faranti, a ranar da ba a yi wanka ba, don ragowar shamfu kan hana tsiro ya ba da sakamakon ƙarya. Aka kuma ɗebi jini kaɗan don duba hanta tunda maganin zai zarce wata. Bayan kwana goma sha huɗu, farantin muzurun fes, na ƙaramar tsiro uku. Uku kacal, a jikin dabbar da kowa ya gani zai rantse ta warke. Da an tsaya a nan, su ukun nan sun isa su dawo da komai cikin wata guda, a ce magani ne jabu.

Da muka bi diddigin inda aka samu gibi, sai ga shi kwandon da na koma kai su duka asibiti a ciki ban taɓa wanke shi ba. Na kaba ne, gashi ya maƙale a saƙarsa, duk zuwa sai sun sake birgima a ciki. Aka ƙone shi, na sayi kwandon roba mai wankuwa. Haka matajin da nake taje su kafin wanka, ɗauraya kawai nake yi. Ya koma kwana cikin ruwan bilic. Aka ci gaba da komai yadda yake, aka ɗauki sabon gwaji a mako na shida, aka ƙara wani a na bakwai ba tare da jiran na farkon ba, don a rage zaman jira. Ƙa'idar da aka bi ita ce faranti biyu a jere ba tsiro, kuma ba a dakatar da magani ko wanka ana jiran sakamako. Na mako na shida ya fito fes a mako na takwas, na bakwai ya fito fes a na tara.

In aka tattara, ƙwayoyi kusan 50 suka sha su biyu, wanka 18 kowannensu, kwalbar shamfu biyu, zuwa asibiti sau shida. Gwajin shuka shi ya fi cin kuɗi, faranti takwas naira 48,000, kuma shi mutane ke fara yankewa. Ra'ayina, wanda aljihunsa bai kai ba ya haƙura da na tsakiya, amma kada ya bar na ƙarshe, ko guda ɗaya ne; in ma hakan ya gagara, ya ci gaba da magani da wanka yadda likita ya ƙayyade bayan gashi ya cike, kada ya tsaya ranar da tabo ya ɓace. Gaskiya ne lafiyayyar dabba kan warke da kanta cikin wata uku ko fiye, amma wata ukun nan tana zubar da iri a kan gado da dadduma da jikin yara. Masu kare su lura da wani abu daban: fili mai zobe a jikin kare sau da yawa ba makero ba ne, ƙurajen ƙwayar bakteriya ne ko ƙazuwar ramin gashi, don haka gwaji kafin magani ya fi zama dole a kansu. Masu kiwon maruƙa kuma, farin ɓawon nan mai kauri da ke kewaye ido da wuya makero ne na shanu, yana kama mai kiwo, kuma daban yake da kirci.

Sabuwar dabba yanzu ba ta shiga tsakar gida sai ta yi mako biyu zuwa uku a ɗakin tayil ɗin nan, an duba kunne da fuska da ƙafafu, an kai ta an haska mata fitila. Ranar da sakamako na biyu marar tsiro ya fito, na yi wa ɗakin wankin ƙarshe, na ƙone kwalin da tsofaffin tawul ɗin, na buɗe ƙofa. Muzurun ya fita kai tsaye ya haye katanga. Ƙaramar ta tsaya a bakin ƙofa tana shinshina, sannan ta wuce falo ta nufi inda aka saba shimfiɗa dadduma, ta tarar an rataye ta.